Ƙauyen Faransa Mai Cin Albarkacin Jaki Da Burtali

Mutum in ya bar birnin Faris ya nufi kudu, ya yi tafiyar fiye da mil 300, zai shiga wani lardi mai suna Lozère. Duk Faransa babu lardin da ya kai shi ƙarancin jama'a. A shekarar 1881 mutanensa sun haura 140,000, amma yau ba su cika 80,000 ba, gama samari sun daɗe suna gangarawa birane da wuraren haƙar kwal neman abinci. A kudancin wannan lardi, gindin wani babban dutse, ƙauyen Pont-de-Montvert ya ke. Mun kwana uku a cikinsa, mun kuwa ga ya kamata mu ba masu karatu labarinsa, tun ba malaman makaranta da ma'aikatan ofis ba, domin ƙauye ne da ya sha zurarewar mutane, sa'an nan ya riƙe kansa da abin da kakanni suka bar masa.

Ƙauyen yana bisa tudu kimanin ƙafa 2,900 daga bakin teku, daidai inda waɗansu rafuka biyu su ke zuba a kogin Tarn. Gidajen duk da baƙin dutse aka gina su, a manne da juna, lunguna kuwa matsattsu. Abin da baƙo zai fara gani shi ne wata tsohuwar gada mai doro, wadda aka gina tun ƙarni na 17, da 'yar hasumiya mai agogo a bakinta. Gadar nan ta ga tarihi. A shekarar 1685 Sarki Luwi na 14 ya soke dokar da ta ba Kiristocin Furotesta izinin yin ibadarsu, mutanen duwatsun nan kuwa galibinsu Furotesta ne. Aka yi ta kama su ana tsarewa. Ran 24 ga watan Yuli 1702, da dare, waɗansu ƙauyawa suka sauko daga dutse don su kwance 'yan'uwansu da wani limamin Katolika, du Chayla, ya ke tsare da su, suka kashe shi a bakin gadar. Daga nan yaƙi ya tashi, manoma suka yi shekara biyu suna fafatawa da sojan sarki. Yau kuwa yara ne ke wanka a ƙarƙashinta da rani, masu kamun kifi suna jefa ƙugiya.

Labarin Jaka

Abin da ya fi jawo wa ƙauyen baƙi wata jaka ce. Ran 22 ga watan Satumba 1878 wani saurayi ɗan ƙasar Sikotlan, Robert Louis Stevenson, mai shekara 27, ya tashi daga garin Le Monastier da ƙafa. Shi ne wanda daga baya ya rubuta Treasure Island, littafin da malamai da yawa suka sani. Ya sayi wata 'yar jaka faran 65 da kofin giya guda don ta ɗaukar masa kaya, ya sa mata suna Modestine. Mutumin bai taɓa kora jaki ba, saboda haka ya sha wuya. Kaya su zame, jaka ta turje, har sai da wani mai masauki ya ji tausayinsa ya yi masa sanda mai tsini. Ya ratsa Pont-de-Montvert a ƙarshen watan, ya isa Saint-Jean-du-Gard ran 3 ga Oktoba, watau mil 120 cikin kwana 12. Can ya sayad da jakar da sirdinta faran 35, ya yi asara. A 1879 ya buga labarin tafiyar.

To, asarar da ya yi ta zama ribar waɗansu. Hanyar da ya bi yanzu an yi mata lamba, GR 70, kowace shekara kuwa dubban mutane su kan bi ta da ƙafa. A 1994 masu masauki da masu jakuna na garuruwan da ke bisa hanyar suka kafa ƙungiya don kula da ita. Mai so ya kan yi hayar jaki, a koya masa ɗaurin kaya da gyaran kofato kafin ya tashi. Masu jakunan ba su yarda a ɗora wa dabba abin da ya wuce kilo 40 ba, babba kuma ba ya hawa. Mun ga likita da lauya suna lallashin jaki a bakin rafi, shi kuwa ya kafe ƙafa, bai san girman kowa ba.

Hawan Dutse

Rana ta biyu muka yi sammako muka hau dutsen Lozère. Ƙololuwarsa, wadda a ke kira Finiels, tsawonta ƙafa 5,574. Hawan ba ya bukatar igiya, sai takalmi mai ƙarfi, da ruwan sha, da rigar sanyi ko da rana ta ƙwalle. Ba a bukatar ja-gora, don an shafa alama a jikin duwatsu da itatuwa, farin layi bisa jan layi. In ka ga layukan sun gitta juna, ka saki hanya ke nan, sai ka koma da baya. Tun 1947 aka fara irin wannan aiki a Faransa, masu yinsa kuwa galibi 'yan sa kai ne, su kan fito da fenti da buroshi ba da ko kwabo ba.

Da muka wuce itatuwa sai ga fili fetal, ciyawa da manyan duwatsu mulmulallu kamar an mirgino su. Hanyar nan ta bisa asalinta burtali ne. Kowane watan Yuni makiyaya su kan koro tumaki daga kwarin da ke kusa da teku, inda zafi ya ƙone ciyawa, su hau da su dutse, an rataya musu ƙararrawa, an ƙawata su da tuntayen ulu masu launi. Sai kaka su ke sauka. A zamanin da akwai wata yarjejeniya tsakaninsu da manoma wadda ba za ta zama baƙuwa ga masu karatunmu ba: makiyayi ya kwana da garkensa a gonar mutum don taki, a yi ta juyawa gona gona bisa ƙa'ida, mai gona kuwa ya ci da shi. Saboda wannan tsohuwar sana'a ce hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

Gefen burtalin an kakkafa dogayen duwatsu a jere, don matafiyi ya gane hanya in ƙanƙara ta rufe ƙasa. Kada mai karatu ya ɗauka ado ne. Da hunturu iska ta kan taso da ƙanƙara har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa. Shi ya sa waɗansu ƙauyukan dutsen suka gina 'yan hasumiyoyi masu ƙararrawa, in guguwa ta taso a yi ta kaɗawa dare da rana, wanda ya ɓace ya bi sautin ya iso gida. Duk da haka, a watan Janairu 1941 wata malamar makaranta da ƙanwarta suna komawa ƙauyen da ta ke koyarwa bayan hutu, guguwa ta rutsa da su, suka rasu ba su isa ba. An kafa dutsen tunawa da su a wurin.

Sauran Abubuwan Gani

Wanda ba ya iya hawan dutse ba zai rasa abin yi ba. Yamma da ƙauyen akwai wurin da ruwa ke faɗowa daga bisa dutse kusan ƙafa 200, kusa da ƙauyen Runes. Gabas kuwa, wajen mafarin kogi, akwai wata tsohuwar gadar dutse a tsakiyar makiyaya, inda mutane kan shimfiɗa mayafi su ci guzuri. A gangaren kudu a kan ga amya irin ta da, kututturen itace ne a ke rarakewa, a tsai da shi, a rufe da faifan dutse. Da dare kuma sai kallon taurari, gama a 2018 an shaida yankin cikin wuraren da hasken lantarki bai ɓata duhun sama ba.

Duk wannan yana cikin gandun da gwamnati ta keɓe a 1970, mai hedkwata a Florac, kimanin mil 13 daga ƙauyen. Ba a kori kowa daga cikinsa ba, manoma da makiyaya suna zaune suna sana'arsu. Baƙo ne aka gindaya wa sharaɗi: kada ya hura wuta, kada ya saki kare, kada ya ratsa tsakiyar garke, kada ya bar shara.

Ba mu ce baƙi sun warkad da ciwon ƙauyen duka ba. Cinikin na 'yan watanni ne, in sanyi ya shigo gidaje da yawa su kan kasance a kulle. Amma mai gasa burodi yana nan, da mai masauki, da mai zuma, da mai jaki, suna cin abinci a garinsu. Da a ce an bar burtalin nan ya toshe, ko an rushe gadar don ta tsufa, da babu abin da zai kawo kowa. Da tsohuwar zuma a ke magani. Muna fata malamin da ya karanta wannan zai fita da yaransa wata ranar Asabar, su bi tsohuwar hanyar da ke bayan garinsu, su tambayi dattawa wa ya bi ta, ina kuma ta nufa, su rubuta tun masu sani suna da rai.