Kafin A Sayar Wa 'Yan Gwangwan Tsohon Keken Ɗinki

Shafin sana'a na wannan makon zai yi magana a kan wani abu da ke gidaje da yawa a nan Daura da Sandamu da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, wato baƙin keken ɗinkin nan na ƙafa da aka jingine a lungun ɗaki aka ɗora masa kwanuka. Wani na kaka ne, wani kuma cikin kayan ɗakin inna ya zo tun tana amarya. Da zarar ya ƙi juyawa sai a ce ya mutu. Ranar da mai sayen gwangwan ya biyo layi sai a ɗora masa a sikeli, a karɓi kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Irin wannan keke ba kasafai yake mutuwa ba. Ƙarfe ne zalla, babu waya a cikinsa, ba ruwansa da wutar lantarki. Abin da ya fi tsayar da shi uku ne: ƙura, busasshen mai, da tsinkakken bel. Duk ukun ɗalibi mai natsuwa zai iya maganinsu.

Daga ina suka fito?

A shekarar 1846 wani Ba'amurke mai suna Elias Howe ya yi rajistar keken da ke ɗinki da zare biyu, na sama da na ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar yadi. A 1851 Isaac Singer ya yi rajistar nasa, kuma kamfaninsa ne ya baza keken ɗinki a duniya. A da kamfanin yana da babbar masana'anta a Elizabethport ta Amurka, ya kuma gina wata a garin Clydebank na ƙasar Sikotilan wajejen 1884, wadda ta yi aiki har zuwa 1980. Da yake Najeriya tana ƙarƙashin mulkin Ingila a wani ɓangare na wancan lokaci, tsofaffin Singer da ake gani a ƙasarmu da yawansu 'yan Clydebank ne.

Daga baya wasu ƙasashe suka kwaikwayi samfurin Singer mai lamba 15. Butterfly da ya cika shagunan telolinmu daga Shanghai ta ƙasar Sin yake, Usha kuma daga Indiya. Wannan kwaikwayo ya zame mana alheri, domin allura da bobin da gidan bobin na Butterfly sukan shiga tsohon Singer mai lamba 15.

Yadda za ka gane wanda ke gidanku

Da farko ka sami tsumma busasshe ka share ƙurar, sannan ka duba abubuwa uku.

Na ɗaya, lambar jiki. A keken Singer tana gaba ta hannun dama, a kan shimfiɗar ƙarfen, gindin wuyan keken. Idan lambobi ne kawai babu harafi, an ƙera shi kafin 1900. Daga 1900 aka fara sa harafi a gaban lambar. Idan haruffa biyu ne masu farawa da E, kamar EA ko EF, ɗan Clydebank ne na 1935 zuwa sama. Masu farawa da A, kamar AA ko AD, 'yan Amurka ne na 1924 zuwa sama. Ka rubuta lambar a takarda, duk wanda ke da intanet a waya zai iya nemo maka shekarar a jadawalin lambobin Singer.

Na biyu, wurin da abin ɗaure zare yake, wanda teloli ke kira tenshan. Idan yana gefen hagu na kan keken, a jikin farantin da ke saman allura, to ɗan gidan lamba 15 ne. Idan yana fuskantar mai ɗinki, wataƙila lamba 66 ne ko 201.

Na uku, bobin. Ja murfin da ke kusa da allura. Lamba 15 bobin ɗinsa zagayayye ne, yana cikin gidansa da ake cusawa ta gefe. Na lamba 66 daga sama ake jefa shi a kwance. Idan kuwa ka tarar da dogon bobin siriri cikin wani ƙarfe mai tsini kamar harsashi, to ka yi hattara da shi. Wannan tsohon samfuri ne irin su lamba 27 da 127, kuma kayan gyaransa suna da wuyar samu. Kada ka bari ko ƙusa ɗaya ta ɓata.

A lura, sunan da ke jikin wuyan keke ba hujja ba ne shi kaɗai, domin akan sake fenti a manna suna. Lambar da aka buga a ƙarfe ita ce ba ta ƙarya.

Kayan aiki

Man keken ɗinki, kananzir kaɗan, tsohon burushin haƙori, tsumma mai laushi, sukudireba babba da ƙarama, sabuwar allura, sabon bel, da faranti na zuba ƙusoshi. Kada a kuskura a zuba man gyaɗa ko manja ko baƙin man mota. Man girki yana daskarewa ya zama ƙaro, shi ne ma ya kashe kekuna da yawa.

Matakan gyara

1. Nemi izinin mai keken tukuna. Sannan ka yi aikin a waje inda iska take, nesa da murhu, saboda kananzir.

2. Cire allura, da ɗan ƙarfen da ke danne yadi, da farantin da allura ke shiga, da gidan bobin. Idan da waya a gidan, a ɗauki hoton kowane abu kafin a kwance shi.

3. Sa burushi ka fitar da tarkacen zare da ƙurar hunturu da suka cushe tsakanin haƙoran da ke jan yadi. Sau da yawa wannan cushewar ce ke hana yadi tafiya.

4. Kwantar da kan keken baya, ka ɗiga kananzir a duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, da cikin ƙananan ramukan da ke samansa. Bar shi ya kwana. Washegari ka riƙa motsa wilin hannu gaba da baya a hankali. In ya ƙi, ƙara kananzir ka sake jira. Kada ka sa guduma ko ƙarfin tuwo, domin irin wannan ƙarfen na zubi ne, tsagewa yake yi, ba ya lanƙwasa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

5. Da ya saki, goge kananzir ɗin tas, ka bi kowace gaɓa da ɗigon man keke ɗaya. Kananzir wanki yake yi, ba ya zama madadin mai.

6. Baƙin jikin da zanen ruwan zinariya, man keke kaɗai za ka shafa da tsumma. Ruwa da omo da fetur da sifirit suna cinye zanen, kuma in ya tafi ba ya dawowa.

7. Koma ƙasa. Ɗiga mai a gaɓoɓin feda, da sandar da ta haɗa feda da babban wili. Taka ka ji ko yana juyawa babu ƙara.

8. Zura sabon bel, ka auna, ka yanke, ka huda bakinsa ka haɗa da ɗan ƙarfensa. In ya yi tauri taku zai yi nauyi, in ya yi sako-sako zai riƙa zamewa.

Gwaji

Sa sabuwar allura, mai lamba 14 ga atamfa, 16 ga kakin makaranta. A Butterfly da yawancin 'yan gidan lamba 15, ɓangaren allura mai faɗi yana kallon dama, zare kuma yana shiga daga hagu. Wilin hannu kullum wajenka ake juyo shi, in ya koma baya zare zai harɗe. Gwada a kan ƙyalle. Idan zare ya taru a ƙasan yadi, matsalar ta zaren sama ce, sai ka sake zura shi ka ɗan ƙara ɗaure tenshan. Idan yana tsallake ɗinki, duba allura, ko ta lanƙwashe ko an sa ta a juye. In an yi duk wannan bai daidaita ba, to saitin cikinsa ne ya goce, sai a kai wa makanikin keke. Telolin unguwa sun san inda suke.

A kula da 'yan damfara

A shekarar 2009 jita-jita ta bazu a Saudiyya cewa akwai wani sinadari mai tsada da ake kira jan makuri a cikin tsofaffin kekunan Singer. Mutane suka yi ta saye da kuɗi masu yawa, har aka riƙa fasa shagunan teloli ana sata. Babu wani abu makamancin haka a cikin keke. An ƙera su ne miliyoyi, saboda haka tsufa kaɗai ba ya sa su zama dukiya. Darajarsu tana cikin aikin da suke yi.

Kowa ya ga yadda shagunan teloli ke cika a ƙarshen azumi, da gab da Babbar Sallah, da lokacin Sallar Gani da Daura ta yi suna a kanta. Mai keken ƙafa ba ya jiran a kawo wuta. Ɗaliba ko ɗalibin da ya tada keken gidansu zai iya fara da facin yunifom, da sa zif, da kalmasa hijabi, ya sami na sabulu da na littafi ba tare da ya miƙa hannu ba. Bayan kowane aiki a share shi, a ɗiga masa mai lokaci-lokaci, a rufe shi da zane saboda ƙura.

Muna roƙon duk wanda ya duba na gidansu ya kawo wa Ƙungiyar 'Yan Jarida sunan keken da lambarsa, a rubuce, tare da ajinsa. Za mu nemo shekarun, mu liƙa su a wannan allo a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda, mu ga wane aji ne ke da keke mafi tsufa a makarantarmu.