Aya da aya-aya: dangi ɗaya, amma ɗaya na kawo kuɗi, ɗaya na cinye lambu

Ɗan Maradi, ko a Yamai yake ko a Agadas ko can ƙetaren hamada, ba a yi masa bayanin aya. Ya ci ta jiƙaƙƙiya, ya ci dakuwa, ya sha kunun aya mai sanyi da azumi. Sai dai a nuna masa tsironta a gona, da wuya ya bambanta shi da ciyawar bakin hanya.

Masana tsirrai ba su sa aya cikin dangin gero da gamba ba. Tana cikin wani dangi na dabam da suke kira Cyperaceae, mai nau'i fiye da 5,000 a duniya. Hanyar gane su ba ta buƙatar na'ura: a tsinko karan, a mirgina shi tsakanin yatsu biyu. Na ciyawa zagayayye ne mai gaɓoɓi. Na aya yana da kusurwa uku, babu gaɓa, ganyen kuma yana fita ta ɓangare uku.

Inda ake ruɗewa shi ne tsakanin aya da ƴar uwarta aya-aya, wadda wasu ke kira jiji. Furen aya rawaya ne kamar busasshen kara, ƴaƴanta kuma ɗai-ɗai suke a ƙarshen saiwa, da zaƙi. Furen aya-aya ja ne mai duhu, ƴaƴanta baƙaƙe ne masu ɗaci da ƙamshi, a jere kamar carbi bisa saiwa mai tauri. Wannan jeri shi ne wahalar mai lambu. In hauya ta tsinka shi, ƴaƴan da ke kwance sai su farka, kowane ya fid da tsiro, kwana kaɗan a ga fangalin albasa ya sake rufewa. Wani littafi da masana suka fitar a 1977 ya sa ta a matsayin ciyawa mafi ɓarna a duniya, tana addabar gonaki a ƙasashe fiye da 90. Abu biyu ne ba ta so: inuwa, da a tono ƴaƴan a bar su su bushe a ranar bazara.

Akwai ta uku da mata suka fi sani: kajiji na turaren wuta. A cikin ruwan tabki da fadama yake fitowa, kuma shi ya saɓa wa ƙa'idar, karansa zagayayye ne.

Aya kuwa jigawa take so, ƙasa mai sassauci da ba ta riƙe ruwa, shi ya sa ta karɓi yankunan Aguie, Madarunfa da Gidan Rumji. Ana shuka ta da faɗuwar damina, ta nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Mafi yawanta Najeriya take tafiya, wata kuma har Sifaniya, inda mutanen Balansiya ke yin nasu kunun da suke kira horchata.

Kuɗin na shigowa, amma ƙasa ce ke biya. Lokacin girbi ana cinna wa busasshen ganyen wuta, a tone saman gonar baki ɗaya, a tankaɗe da rariya, a sheƙe a iska. Abin da ya fi laushi a ƙasar, wanda shi ne mai taki, shi ke tashi ya bi ƙura. Aikin kuma yana faɗowa daidai lokacin iskar hunturu, gona tsirara, babu kara ko ɗaya da zai tare. Da wuya a ce wa manomin da ayar ke biya masa kuɗin aure da na makaranta ya daina. Amma gonar da aka maimaita mata aya shekara da shekara ba tare da takin gida ko hutu ba, geron da ya biyo baya shi ke fara nunawa, buhun takin zamani da ake zubawa kuma sai ƙaruwa yake.