Tottenham: Unguwar Da Aka Sauƙaƙa Wa Talaka Rubuta Wasiƙar Godiya

Da an ambaci Tottenham, abin da ke fara zuwa a ran mafi yawan Hausawa shi ne ƙwallon ƙafa. To amma a wannan unguwa ta arewacin Landan akwai wani tsohon gida mai suna Bruce Castle, wanda tarihinsa ya shafi duk wanda ya taɓa ɗaukar alƙalami don ya gode wa wani.

A wannan gida ne Rowland Hill ya shugabanci wata makaranta da iyalinsu suka buɗe a 1827. A zamanin, a Birtaniya, galibi wanda aka aika wa wasiƙa ne ke biyan kuɗinta, kuma gwargwadon nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Wasiƙa daga Landan zuwa Edinburgh ta fi sule guda, kuɗin da ya kusa kai ladan yinin lebura. Ke nan idan mutum ya yi maka alheri ka rubuta masa godiya, ka ɗora masa nauyi ne. Wani lokaci ma talauci kan sa a ƙi karɓar wasiƙa, a mayar da ita ba a buɗe ba.

A 1837 Hill ya wallafa wata ƙasida inda ya nuna cewa ainihin kuɗin ɗaukar wasiƙa daga Landan zuwa Edinburgh bai wuce kashi ɗaya cikin 36 na kwabo ba. Lissafin nisa da bin gida-gida ana karɓar kuɗi su ne ke cinye dukiya. Sai ya ba da shawarar a sa farashi guda, kwabo ɗaya, kuma mai aikawa ya biya tun da farko.

An fara aiki da tsarin ranar 10 ga Janairu, 1840. A watan Mayu na shekarar aka fito da ɗan tikitin da ake mannawa a jikin wasiƙa, ɗauke da hoton kan Sarauniya Victoria. Irin wannan hoto na mai mulki ne ya sa har yau Bahaushe ke cewa kan sarki. Yawan wasiƙu ya tashi daga kimanin miliyan 76 a 1839 zuwa kusan miliyan 169 a 1840.

Hausawa kan ce yaba kyauta tukwici. Mutanen Birtaniya ma sun yi hakan, domin a 1846 sun tara wa Hill fiye da fam 13,000 don nuna godiya. Da ya rasu a 1879, an binne shi a Westminster Abbey, inda ake binne manyan ƙasar. Shi kuwa gidan Bruce Castle, tun 1906 ya zama gidan tarihi, kuma yana adana kayayyakin tarihin gidan waya.

A yau dai al'adar na ja da baya. Wasiƙun da Royal Mail ke rabawa sun ragu daga kimanin biliyan 20 a shekara, wajen 2004, zuwa kimanin biliyan 7 a 2023. A ƙasar Hausa ma, saƙon wayar salula ya maye gurbin takardar nan da ke farawa da gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Sai dai wani bincike da Amit Kumar da Nicholas Epley suka wallafa a Amurka a 2018 ya gano cewa masu rubuta wasiƙar godiya kan raina irin farin cikin da za ta jawo wa mai karɓa. Suna tsoron kada kalmominsu su gaza, alhali shi mai karɓa ya fi duba zuciyar da ta rubuto.

Hill ya kawar da matsalar kuɗi shekaru fiye da 180 da suka wuce. Abin da ya rage shi ne jinkiri, ga shi kuwa malamin da ya koya maka karatu, ko gwaggon da ta riƙe ka, ba za su dawwama suna jira ba.