Allon Kwamfuta na Wasanni: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Duba Kafin Ya Zuba Jari

Zaɓen allon kwamfuta ya zama batun riba ko asara ga masu gidajen wasannin kwamfuta da 'yan kasuwar da ke saro kaya a Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba a Legas, musamman tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabo.

Alluna iri uku ne suka fi yawa a kasuwa. Samfurin Full HD yana da ɗigon hoto kimanin miliyan 2, QHD miliyan 3.7, shi kuwa 4K miliyan 8.3. Gwargwadon yawan ɗigo, gwargwadon kyan hoto. Sai dai 4K ya ninka Full HD sau huɗu, don haka yana bukatar katin sarrafa hoto mai ƙarfi da tsada. In babu shi, hoton zai riƙa sarƙewa, kuɗin allon ya tafi a banza.

Abu na biyu shi ne saurin sabunta hoto. Allon ofis yakan sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ɗaya, na wasanni kuma sau 144 zuwa 240 ko fiye. A wasannin harbi da na tsere, masu gasa sun fi fifita wannan sauri a kan yawan ɗigo.

Na'urorin PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a shekarar 2020, suna iya ba da 4K sau 120 a daƙiƙa, amma sai allon yana da mahaɗar HDMI 2.1. Wajibi ne mai saye ya duba wannan kafin ya biya.

Ta fuskar ƙira, IPS ya fi daidaiton launi, VA ya fi shi zurfin baƙi, OLED kuma ya zarce su duka biyu a kyan gani, amma yana da tsada, kuma hoton da ya daɗe wuri ɗaya yakan bar masa tabo. Wannan abin lura ne ga shagon da ke aiki safe zuwa dare.

Saboda haka, ga mai matsakaicin jari, QHD mai inci 27 da saurin 144 ya fi dacewa. Ragowar kuɗin kuma gara a sa shi a na'urar daidaita wutar lantarki, domin hawa da saukar wuta ba ta barin allo, mai tsada ko mai araha.