Inda kuɗin Sallah ke maƙalewa

A jajibirin Sallar Layya, ƴan ci-rani da ke Kano, Legas, Agadas da Libiya kan aiko da kuɗi gida kusan lokaci guda. Mai jiran nasa a Issawane, cikin gundumar Mayahi ta Nijar, in saƙo ya ƙi shigowa, amsar da zai ji ita ce "babu rezo". Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa eriya lafiyarta ƙalau, cunkoson yana can nesa, a rumbun bayanan da ke rubuta wanda ya tura, wanda ya karɓa, da abin da ya rage.

Abu biyu ake aunawa a irin wannan rumbu: yawan abin da yake ɗauka, da saurin shiga da fita. Rumbun gero na iya cin dami ɗari, amma in bakinsa mutum ɗaya yake ɗauka, ranar rabo sai an yi layi. Injiniyoyi na ƙirga sau nawa ma'ajiya ke iya karatu ko rubutu cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da suke kira IOPS. In buƙata ta zarce wannan adadi, kowace hulɗa sai ta jira ta gabanta, har wayar mai turawa ta gaji ta katse.

Da can, kamfani kan sayi na'urorin da za su ishe shi ranar da ta fi kowace cunkoso, sauran shekara suna zaune suna shan wuta a banza. Hayar na'urori ta intanet, wato gajimare, ta sauya wannan lissafi. Amazon ya fara bayar da hayar rumbun bayanai na RDS a 2009, a 2019 kuma ya ba shi damar faɗaɗa kansa: in filin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba har tsawon minti 5, sai a ƙara masa ba tare da an tashi kowa daga barci ba. A wani nau'in faifansa mai suna gp2, sauri na bin girma, IOPS 3 ga kowace gigabait. Wani rumbun nasa, DynamoDB, tun 2017 yake ƙara sauri in an yi yawa, ya rage in an watse.

Ƴan kasuwar Maraɗi masu hulɗa da Katsina da Kano ba su manta irin wannan cunkoso na farkon 2023 ba. Canjin takardun naira ya janye tsabar kuɗi daga hannun jama'a, kowa ya koma tura kuɗi ta waya, manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗauka, mutane suka karkata ga manhajojin tura kuɗi na OPay da Moniepoint.

Sai dai masu tallar fasahar gajimare ba su cika faɗin sauran zancen ba. Hayar da dala ake lissafinta, kuma kowane ƙari da kuɗinsa. Filin RDS in ya faɗaɗa ba ya komawa baya da kansa, shi ya sa mai hankali ke sa masa iyaka tun farko, don kuskuren manhaja ɗaya na iya cinye kasafin wata. Ga kuma nisa. Babbar cibiyar gajimaren Amazon ta farko a Afirka a Cape Town take, an buɗe ta a 2020, kuma Nijar ba ta da gaɓar teku, sai bayananta sun ratsa ƙasashen maƙwabta kafin su kai wayoyin ƙarƙashin ruwa. Komai saurin rumbun, in a can yake, saƙon mutumin Issawane sai ya bi wannan doguwar hanya zuwa da dawowa.