Saƙa da Ɗinkin Hula: Abin da Ke Tara Ayyuka a Hannu Ɗaya

Wanda ya tashi a cikin gidajen ƙauyukan ƙasar Kankiya da Kusada, irin su Dudunni, ya san cewa daga ƙarshen kaka zuwa tsakiyar hunturu, sa'ad da gero da dawa suka shiga rumbu hannu ya sami sarari, da wuya a rasa wata mace a gida zaune bisa tabarma, dunƙulen ulu a cinya, kwarashi a hannu, tana saƙa tana hira ba tare da ta dubi yatsunta ba. Idan kuwa aka buɗe kwallar da take ajiya a ƙarƙashin gado, galibi abin da za a tarar shi ne hular jariri wadda saura tuntu kaɗai, da safa ƙafa ɗaya, da rigar sanyi marar hannu, da shawul da ya tsaya a rabi, wataƙila har da hular ɗinki ta wani ƙane wadda aka cike rabin zanenta aka bar allura a soke. Mai ɗakin ba malalaciya ba ce, domin hannunta bai huta ba tun asuba. Amma duk da haka wata guda kan wuce ba a ga abu ɗaya da ya fita daga hannun nan a kammale ba. Wannan hali ya cancanci nazari, saboda dalilansa sun fi ƙarfin abin da mutane kan yanke hukunci da shi na cewa son zuciya ne kawai.

Kakannin waɗannan mata ba su san wannan matsala ba sosai, ko da yake su ma ma'abota zare ne, har ma sun fi. Ƙasar Katsina ƙasar auduga ce tun fil azal, kuma Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya bi ta Kusada a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano a farkon shekarar 1851, ya ba da labarin yadda tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano ke kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Amma zaren da aka yi wannan kasuwanci da shi, mata ne suka fitar da shi da yatsunsu: a gurje auduga a raba ta da angurya, a shiɓe ta da baka, sa'an nan a ɗauki mazari da alli a zauna kaɗi, kwana da kwanaki kafin a tara abin da zai isa zane ɗaya. Macen da ta sha wannan wahala ba ta da zaren da za ta raba wa ayyuka biyar. Haka kuma masaƙa ita kanta tana da hukuncinta, domin masaƙar mata da ake jingina wa bango ba ta ɗaukar saƙa biyu a lokaci guda, kuma namijin da ya ja zarensa ya ɗaure a kunkuru ba shi da wata dabara illa ya yi ta jefa ƙoshiya har kunkurun ya iso gabansa. Watau kayan aikin ne ke tilasta kammalawa, ko mai aikin yana da haƙuri ko ba shi da shi.

Saƙar kwarashi da ta tsinke biyu baƙi ne a wurinmu. Sun yaɗu ta hannun makarantun 'yan mata, waɗanda aka fara buɗewa a Kano da Katsina a farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, da kuma azuzuwan koyon aikin gida, daga baya cibiyoyin mata na ƙananan hukumomi suka ƙara watsa su, musamman bayan shirin kyautata rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta kafa a 1987. Zaren kuwa ba na tumakinmu ba ne, don balami da uda da 'yankasa gashi gare su wanda ba ya kaɗuwa. Mafi yawan ulun da ake sarowa daga kasuwannin Kano a baza a Kankiya da Charanchi zaren roba ne da ake sarrafawa daga sinadaran man fetur, irin wanda aka fara sayarwa a Amurka wajen 1950. Yana da araha, yana da launuka masu ɗaukar ido, kuma kwarashi ƙarfe ne ɗan siriri wanda ake zare shi daga wannan saƙa a soka a waccan cikin ƙiftawar ido. Da zare ya yi arha, masaƙa kuma ta koma abin da ake sawa a lalita, sai shingen da ya tsare magabata ya faɗi.

To, me ke sa a fara sabo alhali tsoho bai ƙare ba? Na farko dai, daɗin saƙa a farkonta yake. A nan ne ake zaɓen launi, a nan ake gwada sabon salon da aka gani a jikin ɗan maƙwabciya ranar suna, kuma layukan farko suna tashi da sauri har mai yi ta ga kamar gobe za ta gama. Tsakiyar aiki kuwa maimaici ne, ƙarshensa kuma shi ne haɗa hannu da jiki, da ɓoye bakin zare, da sa maɓalli, ayyukan da ke bukatar natsuwa da haske alhali ba su da wani armashi. Na biyu, ba mai saƙar kaɗai ke da iko da jerin ayyukanta ba. Da zarar an san mace ta iya saƙa, to, ta zama ta jama'a: ƙanwar miji ta aiko cewa, “Yaya, watan gobe ne fa haihuwata,” gwaggo ta zo da ulunta a ƙulle a gefen zane ta ce, “'Yar nan, ki yi wa jikana hula kafin sanyi ya sauka,” kuma kunya da zumunci ba su bar ta ta ce a'a ba. Haihuwa ba ta bin layi, suna kuma rana ta bakwai ne ba ya jira, saboda haka kowane sabon alkawari yakan ture wanda ya riga shi zuwa ƙasan kwalla. Akwai kuma dalili na uku wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne yankewar zare: dunƙule ya ƙare ranar da ba kasuwa, hannu kuwa ya saba da motsi, sai a ɗauko wani launin a kafa wani abu “kafin a samo”.

Masana halayyar ɗan Adam sun taɓa wannan magana ta wata fuska. Wata malama mai suna Bluma Zeigarnik, wadda ta yi karatu a Balin, ta wallafa a 1927 cewa mutanen da aka katse musu aiki kafin su gama sun fi tuna shi bisa ga wanda suka kammala. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka suka sami abin da ta samu ba, don haka bai kamata a ɗauke shi tamkar nassi ba. Sai dai kowace mai saƙa za ta shaida cewa aikin da aka ajiye ba ya barin zuciya, kuma idan sun kai shida ko bakwai, abin da aka fara don nishaɗi yakan koma nauyi, har ta riƙa ƙyamar buɗe kwallar.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, amma a ganina ba a yi wa masu saƙa adalci ba idan aka ɗora musu wannan karin magana ba tare da tafsili ba. Riƙe aiki biyu, ko uku ma, tadbiri ne mai kyau. Ɗinkin hula, irin su zanna bukar da damanga da ƙube, yana son hasken rana da ido mai kaifi, domin allura tana bin zanen da aka shata a farin yadi gida-gida, kuma hula mai cikakken aiki takan ci makonni. Ba a yin sa da fitilar dare sai a cuci ido. Shawul kuwa, da yake layi ɗaya ne ake ta maimaitawa, ana iya yin sa ana sauraron rediyo ko ana jiran tuwo ya nuna. Safa da hular jariri su ne na tafiya, na gidan biki da layin asibiti. Canja aiki kuma yana hutar da yatsu da wuyan hannu. Aibin yana farawa ne daga inda adadin ya wuce abin da sa'o'in yini za su iya zagayawa, har wani aikin ya yi wata biyu ba a taɓa shi ba.

Dalili kuwa shi ne, zare yana iya jira, amma wanda ake saƙa dominsa ba ya jira. Jariri mai lafiya yakan ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya ninka shi sau uku kafin ya cika shekara, saboda haka rigar da aka auna masa yana ɗan sati biyu, in ta yi jinkirin wata uku, sai dai a ajiye wa ƙaninsa. Sanyin ƙasar Katsina kuma gajere ne, ƙarfinsa a Disamba da Janairu yake, kafin Maris ya ƙare zafi ya kama, rigar sanyin da aka gama a lokacin ta rasa mai sawa. Hular da ba ta riski Sallah ba ta rasa rabin darajarta a idon mai ita. Ban da wannan, aikin da kansa yana lalacewa a ajiye ta hanyoyin da ba a zato. Masana'anta tukunya-tukunya take rina zare, kuma ja na wannan tukunya ba lalle ya zama daidai da ja na waccan ba, don haka wadda ta koma kasuwa bayan wata huɗu neman cikon ulu takan dawo da abin da ya yi kama a rumfa, amma a rana sai a ga iyaka a tsakiyar riga. Riƙon hannu ma yana sauyawa, yau a matse gobe a sake, har safa ta biyu ta fi ta farko tsawo. Ƙidayar layi, wadda galibin matanmu a ka suke riƙe ta ba a takarda ba, takan ɓace. Allurar da aka bari a jikin farin yadi ta wuce damina takan yi tsatsa ta bar tabon da mai wankin hula ba zai iya fitarwa ba.

Akwai kuma fuskar shari'a, wadda ta shafi duk wadda sha'awarta ta fara komawa sana'a. Muddin da ulunta take yi, don kanta, to, ba wanda ta zalunta sai aljihunta. Amma da zarar ta karɓi zaren wani, ko kuɗin kafin alƙalami, to, ta shiga babin ijara da amana, kuma malaman mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani suka sani, sun ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka karɓa suka tafi da su, domin maslahar jama'a. Fuƙaha'u sun yi bayanin cewa wannan ya fi ƙarfi a kan wanda ya kafa kansa yana yi wa mutane aiki. Wadda ta tara ulun mutum biyar a kwalla ɗaya, har ta ɗebi na wannan ta cike aikin wancan da niyyar za ta mayar, ta shiga shubuha ko da ba ta nufi cin haƙƙin kowa ba. Rigingimu da yawa tsakanin dangi daga irin wannan ƙaramin abu suke tasowa.

Gwanayen da suka daɗe a harkar suna da 'yan dabaru da ba su da wuya. Sukan sayi ulun da zai ishi aiki gaba ɗaya tun farko, su ƙulle kowane aiki a ƙyallensa tare da zarensa, su fara da na mutane kafin nasu, su saƙa kayan jariri da ɗan girma fiye da awonsa, wasunsu kuma sukan tashi safa biyu tare, layi a nan layi a can, don kada ta biyun ta gagara. Abin da ya fi wuya shi ne yanke hukunci a kan aikin da lokacinsa ya wuce. Mata da yawa suna jin nauyin warware saƙa, suna ganin asarar kwanakin da suka zuba, wasu ma sukan tuna misalin da aka buga a Suratun Nahli da macen da ta warware zarenta bayan ta kaɗa shi ya yi ƙarfi, alhali ayar a kan warware alkawari take magana. Kwanakin sun riga sun tafi ko an warware ko ba a warware ba, ulun ne kaɗai za a iya ceta. A nan saƙa ta fi ɗinkin hula rangwame, domin hular da aka ɓata sai dai a bayar da ita ga wata ta ƙarasa a raba lada, amma saƙar kwarashi da an ja bakin zare sai ta biyo har ƙarshe. Zaren zai fito a nannaɗe, sai a nuna shi ga tururin ruwan zafi ya miƙe, a bar shi ya bushe a inuwa, a dunƙule shi a ajiye wa haihuwa mai zuwa.