Kwangilar Jigilar Alhazai: Ina Mai Kuɗin Yake?

Akwai wani dattijo da muke sallar La'asar tare a unguwarmu ta Runjin Sambo, tsohon malamin firamare ne, ya shekara kusan goma yana tara kuɗin kujerar Makka. Da ya kammala biya, sai ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Malam, ku da kuka yi zurfi a boko, wa ke zaɓar jirgin da zai ɗauke mu? Kuma in bai zo ba, wa zan riƙe?" Kashin farko na tambayar na amsa masa nan take: Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, ita ke tantance kamfanoni, Shugaban Ƙasa ya amince, sannan a raba musu jihohi. Kashi na biyu kuwa har yau ina juya shi a zuciyata.

Duk wanda ke bibiyar aikin Hajji ya san kusan kowace shekara sai an yi takaddama kan wannan kwangila. A 2022, shekarar da aka ba Najeriya kujeru 43,008 bayan annobar korona, an haɗa maniyyatan Kano da kamfanin Azman. Hukumar Alhazai ta jihar ta fito fili ta ce ita Max Air take so, NAHCON kuma ta tsaya kan rabon da ta yi. Aka yi ta ja-in-ja, lokaci na tafiya, jinkirin jirage ya haɗu da matsalar biza. Ranar da Saudiyya ta rufe ƙofar shiga, maniyyatan Kano sama da 700 suna gida da jakunkunansu a ɗaure. Hukumar ta nemi afuwa. Afuwa aba ce mai kyau, amma ba ta maida tsoho shekarar da ta wuce shi.

A 2023 rikicin ya sake salo. Yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu, aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage su yi zagaye. (Abin mamaki, ƙasar da kakanninmu suka riƙa ratsawa a ƙafa da bisa raƙuma zuwa Bahar Maliya, ita ce ta tare hanyar sama.) Kamfanonin gida suka ƙi sa hannu kan yarjejeniya a ranar da aka tsayar, sai da aka daidaita kan ƙarin dala 250 a kowace kujera, sannan NAHCON ta sanar da cewa za a cire dala 100 daga guzirin kowane alhaji. Ban ga laifin kamfanonin ba, domin mai ba kyauta ake samunsa ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, an zauna an yi ciniki kan aljihun mutumin da babu kujerarsa a zauren.

Na 2025 ya fi ba ni tsoro, don ya shafi tantunan Mina da Arfa. A watan Fabrairu ƙungiyar shugabannin hukumomin alhazai na jihohi ta zargi shugaban NAHCON, Farfesa Abdullahi Saleh Usman, da yunƙurin soke kwangilar da aka ƙulla da kamfanin Saudiyya mai suna Mashariq Al-Dhahabiah, alhali wa'adin da Saudiyya ta gindaya ya ƙarato. Hukumar ta musanta, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki. An yi Hajji, alhamdu lillahi. Sai dai mun ji bakin hukuma, mun ji na jihohi, mun ji na kamfani, ba mu ga takardar da ake rigima a kanta ba.

Nan ne nake ganin gizo ke saƙar. Kwangilar hanya ko ta asibiti daga baitulmali ake biyanta, kuma duk da haka Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta sa gasa a fili ta zama asalin hanyar bayar da ita. Kwangilar Hajji kuwa kuɗin maniyyaci ne tsabarsa, na gona da aka sayar, na shanu, na giratuti. Kujerar da ta yi kusan naira miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. Hukuma wakiliya ce kawai, kuma malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa wakili amintacce ne, wajibi ne ya yi wa mai dukiya bayani. Ko a shekarar 2024 da gwamnati ta zuba tallafin naira biliyan 90, wanda binciken yadda aka kashe shi ya kai shugabannin hukumar gaban EFCC, kaso mafi tsoka na kuɗin daga hannun alhazai ya fito.

Na san aikin ba mai sauƙi ba ne. Saudiyya na da sharaɗin a ba kamfaninta rabo, shi ya sa Flynas ke cikin jerin kowace shekara. Tun da Nigeria Airways ya durƙushe a 2003, kamfanoninmu masu manyan jirage 'yan kaɗan ne, wasu ma hayar jiragen suke yi idan lokaci ya zo. Amma ƙarancin masu takara dalili ne na ƙara buɗe littafi.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. A wallafa makin da kowane kamfani ya samu wajen tantancewa, da yawan jiragen da ya nuna, nasa ne ko na haya. A wallafa farashin kujera da tarar da ke kan wanda ya saɓa jadawali, a kuma faɗi ko an taɓa karɓar tarar, da inda ta shiga. A fassara taƙaitaccen bayanin zuwa Hausa, a manna shi a ofishin alhazai na kowace ƙaramar hukuma, a karanta shi wurin bita. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa NAHCON ya nemi waɗannan takardu, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ƙungiyoyin addini da 'yan majalisarmu na Sakkwato sun fi ni ƙarfin yin hakan.

Dattijon nan ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III, ya sauke farali, ya dawo lafiya da dabino da zamzam. Da na je yi masa barka, sai ya ɗauko rasitin biyan kuɗinsa daga cikin wani tsohon littafi ya miƙo mini. Na duba gaba da baya. Sunansa ne, da adadin kuɗin, da hatimi.